Gonar Dauro da Aka Bar wa Kurtu

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin duwatsu, yana da 'ya mace da ta isa aure, sunanta Afiniki. Yarinya ce mai kuzari, ba ta da yawan magana, amma in ta sa abu a gaba sai ta ga bayansa. Wani saurayi kuwa mai suna Filibus ya nemi aurenta. Iyaye suka yarda, aka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, suka sa albarka.

Mutanen wurin suna da wata al'ada. Saurayin da aka yi wa alkawarin mata yakan yi wa surukinsa aikin gona kowace damina har a yi biki. Ba shi kaɗai yake yi ba, yakan gayyato abokansa, amma dole shi ne zai tsaya a layin farko ya fara, sauran su bi bayansa. In bai tsaya ba, ko an gama aikin ba a lasafta masa. Aikin da manomin nan ya ware wa Filibus shi ne dashen dauro. Ku da kuka tashi a gona kun sani, dauro ba a shuka shi a bar shi kamar gero. Ana yafa irin a wuri guda, in ya taso a tsakiyar damina sai a cire shi, a datse kan ganyen, a kai gona a dasa. Yana da lokacinsa kuma, ba ya jiran kowa.

Filibus ba rago ba ne, kada a yi masa ƙarya. Ciwonsa ɗaya ne, yakan fara abu da zafi, ba ya ƙarasawa. Ya shiga koyon kafinta, da ya iya ƙafar benci sai ya bari. Ya koma gyaran babur, ya ƙware wajen kwance inji, bai tsaya an koya masa mayarwa ba. Saboda haka ranar da sunansa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin soja, rabin garin barka suka yi masa, rabin kuma dariya suka ƙunshe.

Manomin ya ce wa mutanen gidansa, "Hali zanen dutse. Kada kowa ya taɓa mini gonar dauro, ku bar ta. Kafin marka mai aikinta zai dawo." Ba da mugunta ya faɗi haka ba, yana ƙaunar yaron. A ganinsa taimako ne, don in yaron ya dawo ya sami abin da zai sa hannu.

Ranar tafiya Afiniki ta raka Filibus bakin hanya. Yana riƙe da jakarsa, ya ce, "Ki yi mini addu'a. Ina so in gama abu guda a rayuwata, ko da guda ɗaya ne." Da mota ta tsaya, ƙafarsa ɗaya a ciki, sai ya waiwayo ya ƙara da cewa, "In kuma abin ya fi ƙarfina, ai ga dashen Baba nan, sai in dawo in yi."

Tausayinsa ya kama ta. Ta ce, "Gonar tana nan tana jiranka."

Sai Filibus ya shiga horo, ya zama kurtu. Aka yi masa aski ƙwal, aka karɓe wayarsa. Kafin zakara ya yi cara an tashe su gudu. Ya yi tsallen kwaɗo har cinyoyinsa suka daina jin maganarsa, ya yi birgima cikin taɓo, ya tsaya a rana ana fareti, kofur yana yi masa tsawa kamar shi ya kashe masa akuya. Sai ran Lahadi bayan sujada yakan sami sarari, ya roƙi wata mai sayar da abinci a kasuwar bariki ta ara masa waya, ya kira Afiniki na ɗan lokaci.

Kowace Lahadi maganar iri ɗaya ce. Ya ba ta labarin wahala, ta ba shi haƙuri. Kafin ya ajiye sai ya ce, "Gonar Baba fa?" Ita kuwa sai ta ce, "Tana nan tana jiranka, ba wanda ya taɓa." Tana faɗar haka da farin ciki, don a zuciyarta tana kiyaye masa matsayinsa ne a gidan.

Ana nan ruwa ya zauna, irin dauro ya taso kore shar. Wata Lahadi Filibus ya kira.

Ya ce, "Afiniki, na gama shawara. Wasu sun riga sun sulale, ni ma zan bi."

Ta ce, "Gudu za ka yi?"

Ya ce, "Wane irin gudu? Aikin suruki zan zo yi. Duk wanda ya tambaye ni abin da zan gaya masa ke nan, ba wanda zai ga laifina. Lahadi mai zuwa zan kira ki. In irin ya isa dashe ki gaya mini, ran Litinin kin gan ni."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mata murna ce. Tana kewarsa ƙwarai, ta kuma gaji da jin ana gasa shi. Ta wuni tana aiki tana 'yar waƙa. Da yamma ta zaga wurin da aka yafa irin, ta tsuguna ta ja ɗaya. Ya isa dashe, har yana neman wucewa. A nan murnar ta koma ciki.

Ta ce a ranta, "To, ya zo. Dashen nan kwana nawa ne? In aka gama fa? Zai zauna a gindin mangwaro da ƙwalƙwalen kansa, kowa ya san abin da ya dawo da shi, shi ma ya sani." Ta tuna yadda ya ce yana so ya gama abu guda a rayuwarsa. Sa'an nan ta gane abin da ta yi ta yi ba ta sani ba. Da ma mai neman kuka ne, ita kuwa kowace Lahadi tana jifarsa da kashin awaki. Abin ya ba ta haushi ƙwarai, haushin kanta ba nasa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta ce masa irin bai isa ba. Ta juya wannan a zuciyarta, ta yar. Ƙarya ce, kuma mako guda kawai za ta saya, wata Lahadin zai sāke tambaya. Ta yi addu'a a wurin, ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta nufi wurin mahaifinta. Ta same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, ina roƙo a dasa dauron nan cikin makon nan."

Ya ce, "Mai aikin ya iso ne?"

"Bai iso ba. Ba na so ya iso."

Tsohon ya ajiye ƙotar. Ta gaya masa duk abin da Filibus ya faɗa, ba ta rage kome ba.

Ya ce, "Ai na faɗa. To, wa zai tsaya a layin farko?"

Ta ce, "Ni, Baba. A madadinsa."

Ya ce, "Ke? Afiniki, a ina kika taɓa jin yarinya ta noma aurenta da hannunta? Garin nan za su ce miji kika rasa, shi ya sa kike biya da guminki. Ni ma za su ce na sa 'yata ta biya kanta."

Ta ce, "Su faɗa, Baba. Dariyar da za su yi mini ba za ta kai kaka ba. Wadda za su yi masa in ya dawo, har ya tsufa yana jin ta. Ni ce kuma zan zauna da shi a ɗaki."

Ya ce, "In kuma an dasa, ya dawo duk da haka?"

Ta ce, "Sai ya dawo da gaskiyarsa, ya ce na kasa. Zan karɓe shi hannu biyu. Amma ba ni zan dafa masa hujja in miƙa masa ba."

Manomin ya dube ta. Can ya ce, "Tashi. Je ki nemo abokansa. In kin tsaya, zan lasafta masa."

Ta bi abokan Filibus gida gida. Suka yi dariya tukuna, sa'an nan suka ga ba wasa take yi ba, suka ce za su zo. Da gari ya waye aka cire irin, aka ɗaure dami dami, aka datse kan ganyen. Afiniki ta ci ɗamara, ta ɗauki daminta, ta je ta tsaya a inda ba macen da ta taɓa tsayawa. Mata masu zuwa rafi suka ja birki a bakin gona.

Ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Sannu da aiki, amarya mai biyan kanta!"

Afiniki ta ce, "Yawwa, Mama, sannunku da zuwa rafi." Ta sunkuya ta dasa na fari.

Ruwa ya dake su, rana ta dake su. Samarin sun zo da niyyar rage mata hanya, sai ga shi su ne suke haki a bayanta. Bayanta ya riƙe, yatsunta suka tsattsage, ba ta bar layin ba. Kafin rana ta faɗi ran Asabar ba sauran wurin da za a soka ko tsinke ɗaya a gonar.

Ran Lahadi bayan sujada waya ta yi ƙara. Ta ɗauka.

Filibus ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya ce, "Irin ya isa?"

Ta ce, "Ya isa, an kuma dasa shi. Mun gama jiya."

"An dasa? Wa ya tsaya a layina?"

"Ni na tsaya. Baba ya lasafta maka."

Ta ji hayaniyar kasuwar barikin a bayansa. Sa'an nan ya ce, "Wato kun gama da ni ke nan. Ba ki so in dawo."

Ta ce, "Filibus, ka saurare ni da kyau, don wayar ba taka ba ce. Ina kewarka, har abinci ba ya yi mini daɗi. Da son raina zan bi, da yau ka kwana a garin nan. Amma kai ka ce mini kana so ka gama abu guda, ni kuma na yarda za ka iya, ko da ni kaɗai ce na yarda. Ba aikin da ya rage maka a nan. Na gida na ɗauke maka, na can kuwa ba mai iya yi maka. Ka tsaya a layinka."

Wayar ta mutu.

Lahadi ta zagayo, bai kira ba. Wata ta sāke zagayowa, shiru. Dauron da aka dasa ya yi yaushi ya kwanta, kamar yadda yakan yi bayan dashe, masu wucewa suna cewa hannun mace ne. Afiniki ta shiga damuwa, don ba ta san inda yake ba. Ko yana can yana fushi da ita, ko kuwa ya gudu, kunya ta hana shi zuwa gida, ya faɗa wani gari. Ta yi kuka, ba sau ɗaya ba. Amma ko sau ɗaya ba ta ce da na sani ba. Duk asuba, daidai lokacin da ta san ana tashinsu gudu, takan tashi ta durƙusa ta ambaci sunansa a gaban Ubangiji, sa'an nan ta ɗauki fartanya ta tafi ciyawa. In mota ta tsaya a bakin hanya, mahaifinta ne yake leƙawa ta kan danga. Ita ba ta leƙawa.

Dauro ya miƙe, ya yi kara, ya fid da kai. Ruwa ya ɗauke. Ana shirin girbi sai waya ta yi ƙara wata Lahadi, ta ji murya mai kauri wadda da kyar ta gane.

Ya ce, "Afiniki, ki gaya wa Baba ran Asabar ta sama za a yaye mu. Ku zo da wuri, wurin yakan cika."

Suka tafi, ita da mahaifinta. Suka tsaya cikin taro, kurata suna wucewa sahu sahu, ƙafa ɗaya, hannu ɗaya, ƙasa tana amsawa. Tsohon ya yi ta raba ido bai gane shi ba, duk sun zama iri ɗaya. Afiniki ce ta nuna shi. Ya rame, ya yi baƙi, amma ya miƙe sak.

Da aka sallame su ya zo, ya cire hularsa, ya durƙusa a gaban manomin da kakinsa da kome, ya gaishe shi. Tsohon ya kama kafaɗarsa ya ta da shi, ya ce, "Ni na bar gona don ka dawo. Ita ta dasa ta don ka zauna. Ta fi ni saninka, ɗana."

Filibus ya juya wurin Afiniki, ya ce, "Ranar da na kira ki na riga na ɗaure kayana. Da kin ce mini gonar tana nan, da ba na cikin sahun nan yau. Na yi fushi da ke, ba kaɗan ba. Na ce bari in nuna mata. Fushin ne ya fara riƙe ni, da ya huce kuma sai na tarar ƙafafuna sun saba."

Ta ce, "Shi ne ko kira?"

Ya ce, "Na rantse ba zan sāke kiranki ba sai ina da abin faɗa wanda ba kuka ba."

Ta ce, "To, ka gama?"

Ya ce, "Na gama."

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Gonar nan da aka bari ita ce ƙofar baya da muke buɗe wa waɗanda muke ƙauna sa'ad da suka shiga abu mai wuya. Ba maƙiyi ne yake buɗe ta ba, na gida ne, da kyakkyawar zuciya kuma. Manomin ya bar ta domin bai sa rai yaron zai iya ba, ya kuma ɗauka jinƙai yake yi. Afiniki ta bar ta saboda tausayi. Mutumin da ya gaji kuwa ba ya rasa ƙarfi haka kawai, yakan fara neman dalili mai kyan gani tukuna, wanda zai faɗa wa mutane. In ya samu a bakin matarsa ko a bakin uwarsa, shi ke nan.

A ikkilisiyar nan akwai waɗanda nasu suke can wurin horo yanzu haka, na soja, na 'yan sanda, wasu kuma makaranta mai nisa. Na san abin da ake faɗa a waya, don ni ma ina da kunne. "Gidan ya yi mana faɗi." "Rufin ɗakin yana yoyo, sai ka zo." "In ka ga ba za ka iya ba, ka dawo abinka, ba wanda ya kore ka." Ke kin faɗa kin ji sanyi a ranki. Shi kuwa ya tafi da ita filin gudu, ta fi jakar bayansa nauyi.

Kada wani ya fita ya ce malami ya koya mana ƙarya. Afiniki ba ta yi ƙarya ba. Ba ta ce irin bai isa ba, ba ta kuma ce ba ta kewarsa ba. Ta faɗi kewar a fili. Abin da ta yi shi ne ta sunkuya ta ɗauke aikin da yake janyo shi baya, ta sha dariyar gari a kansa, sa'an nan ta gaya masa gaskiya. Cewa mutum "ka daure" ba wuya, kowa ya iya. Wanda ya tsaya maka a layi shi ne ya isa ya faɗa. Ban kuma ce in naka ya karye ko ciwo ya kwantar da shi ka hana shi gida ba. Wannan dabam ne. Afiniki ma ta ce in ya dawo da gaskiyarsa za ta karɓe shi hannu biyu.

Haka Ubangijinmu ya yi da mu, har ya fi. Aikin da yake wuyanmu, wanda ba mu isa mu yi ba, ya zo ya tsaya a wurinmu ya yi shi, masu wucewa suna yi masa ba'a, Uba kuwa ya lasafta mana. Bai yi haka don mu kwanta ba, ya yi ne don mu rasa dalilin komawa baya. Saboda haka in ka yi ta roƙo ya fid da kai daga gwaji, ka ga bai fid da kai ba, kada ka ce ya gama da kai. Filibus ma haka ya zata.

Yau Lahadi ce. In an tashi daga nan, wayar waɗansunku za ta yi ƙara, za ku ji muryar da ta gaji, za ta tambaye ku labarin gida. Kafin ki ɗauka, 'yar'uwata, ki tambayi kanki wane aiki ne kika ajiye kina cewa sai ya zo. In rufi ne, ga matasan ikkilisiya, ki yi magana, za mu turo su gobe. In gona ce, ki kira gayya, ni ma ina da fartanya. Sa'an nan ki ɗauki wayar ki ce masa, "Ina kewarka. An gama na nan. Ka gama naka."